Haya, La'ada da Amana: Inda Kasuwar Gidaje Ta Dosa a Birnin Katsina

Duk wanda ke zama a rumfunan Babbar Kasuwar Katsina, ko a majalisun da ke kewaye da ita, ya san cewa a 'yan shekarun nan hirar gida da fili ta kusa kamo hirar farashin masara da shinkafa. Ɗan kasuwar da ya samu rarar kuɗi yana cigiyar fuloti a hanyar Dutsin-Ma. Yaron shagonsa da aka sa wa ranar aure yana neman ciki da falo wanda ƙarfinsa zai iya ɗauka. Ɗan dakon da ya baro ƙauyensu a yankin Batsari kuwa ɗaki ɗaya yake nema ya saka iyalinsa kafin damina. Dukkansu a ƙarshe wurin mutum ɗaya suke komawa, wato dillali. Idan ciniki ya yi daɗi ba a cika tunawa da shi ba, amma da zarar kuɗin haya ya tashi, sunansa ake fara ambata.

Zargin da ake yi wa dillalai yana da tushe, sai dai bai kai ga asalin ciwon ba. Abubuwan da suka ɗaga farashin muhalli a Katsina sun fi ƙarfin duk wani dillali, kuma ko da an wayi gari babu dillali ko ɗaya a birnin, siminti ba zai sauko ba. Abin da ke hannun dillali shi ne labari: wane gida ne ya fito kasuwa, wa ya mallake shi, nawa mai shi ya sallama, wane aibi ne ke tattare da shi. Miliyoyin naira na sauya hannu a wannan kasuwa kowane mako, alhali mafi yawan bayananta suna ajiye ne a kan dillali da cikin wayarsa. A nan ne cutarwa ke shigowa, a nan ne kuma gyara ya fi sauƙi.

Yadda birnin ya cika

Lokacin da matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya zo Katsina a shekarar 1851, ya ƙiyasta kewayen ganuwar birnin tsakanin mil 13 zuwa 14, ya kuma tarar da mafi yawan abin da ke cikinta gonaki ne da sarari. Yau cikin ganuwa ya cushe, gari ya tsallake Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Marusa, Ƙofar Sauri da Ƙofar Guga, ya miƙa ta kowace fuska. Babban abin da ya fara sauya lissafi shi ne ƙirƙiro Jihar Katsina a ranar 23 ga Satumba, 1987, wanda ya mayar da birnin hedikwatar gwamnati, ya jawo ma'aikata da 'yan kwangila. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum kimanin 318,000 a Ƙaramar Hukumar Katsina, da kimanin miliyan 5.8 a jihar baki ɗaya. Tun daga lokacin ba a sake ƙidaya ba, don haka hukumomi na tsara birni ne da alƙaluman da suka tsufa.

Misalin Batagarawa ya isa ya nuna girman sauyin. A shekarar 1967 masaniyar nan 'yar Ingila, Polly Hill, ta zauna a garin ta yi nazari a kan manomansa da yadda suke saye da sayar da gonaki, a matsayinsa na ƙauyen Hausa da ke rayuwa a kan noma. A yau gine-ginen Katsina sun tasam ma haɗewa da Batagarawa, kuma gonakin da ke tsakaninsu an yanka da yawansu fuloti-fuloti. Manomin da kakansa ke auna gona da damin gero, shi yana auna ta da ƙafa hamsin-hamsin.

Dalili na biyu shi ne tsaro. Hare-haren 'yan bindiga a ƙananan hukumomin Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa, Ƙanƙara, Faskari, Sabuwa da Ɗandume sun raba ɗimbin jama'a da gidajensu. Sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a watan Disambar 2020 ya sa duniya ta ji labari, amma ƙaurar ta riga wannan rana, ta kuma ci gaba bayanta. Masu gudun hijira kashi biyu ne a idon kasuwar gidaje. Akwai masu hali, waɗanda suka sayar da shanu ko gona suka zo da kuɗi a hannu, kuma ba su da lokacin dogon tayi, don haka duk abin da aka faɗa sai su biya. Akwai kuma marasa hali, waɗanda ke rakuɓewa a kangaye da zaurukan 'yan uwa da ɗakunan haya mafi araha. Kashin farko ya ɗaga farashin saye, na biyu ya ƙure ɗakunan da talakan birni ke dogaro da su.

Dalili na uku shi ne makarantu. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, Jami'ar Al-Qalam, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina da Kwalejin Ilimi ta Tarayya duk suna ɓangaren hanyar Dutsin-Ma. Ɗakunan kwanan da ke cikin makarantun ba sa isar ɗalibai, sauran kuwa sai haya a unguwannin da ke kusa. Mai gida ya gane cewa idan ya raba gidansa ɗaki-ɗaki ya ba ɗalibai, abin da zai tara ya fi abin da magidanci ɗaya zai biya. Ɗalibi na kukan tsada, magidanci kuma na kukan an fi son ɗalibi a kansa.

Siminti, naira da fuloti

Da a ce gini na da sauƙi, da ƙaruwar jama'a ta jawo ƙaruwar gidaje, farashi ya daidaita. Abin da ya faru akasin haka ne. Janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 da sakin naira ta nemo darajarta a kasuwa a watan Yunin wannan shekara sun ɗaga kuɗin dakon yashi, bulo, rodi da kwanon rufi. A watan Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama, har gwamnatin tarayya ta kira kamfanonin Dangote, BUA da Lafarge zaman sulhu. A watan Disambar 2024 hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, Babban Banki kuma ya kai ma'aunin kuɗin ruwa kashi 27.5. Wanda ya fara gini da lissafin 2022 ya tsaya a linta. Kangayen da mai karatu ke gani a sababbin unguwanni shaida ce ta wannan.

Faɗuwar naira ta kuma sauya tunanin mai kuɗi. Ɗan kasuwar Katsina ya ga abubuwa uku cikin shekaru kaɗan: rufe iyakokin ƙasa daga watan Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, gobarar da ta cinye shaguna masu yawa a Babbar Kasuwa a watan Maris na 2021, da sake rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, wanda ya tsayar da zirga-zirgar Jibiya zuwa Maraɗi tsawon watanni. Wanda ya ga haja ta ƙone, ya ga hanya ta rufe, ya ga kuɗin banki na zagwanyewa, ba abin mamaki ba ne ya ce a zuba dukiya a ƙasa, tunda ita ba ta ƙonewa kuma ba ta ruɓewa. Ayyukan gwamnati ma na ƙara wa wannan tunani ƙarfi. Titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 kuma zai ratsa ta Daura, Katsina da Jibiya, ya isa ya sa a riƙa sayen gona domin abin da ake hasashen za ta zama.

Matsalar ita ce fulotin da aka saya domin ajiya ba ya kwantar da kowa. Ana kewaye shi da bulo layi uku, a bar shi shekara biyar, a sayar wa wani wanda shi ma ajiya zai yi. Kuɗi na shiga ƙasa, ɗakunan haya ba sa ƙaruwa. Mai ginin haya kuma yana da nasa lissafin. A ɗauka, a matsayin misali, mutum ya kashe naira miliyan 30 ya gina gida, ana biyansa miliyan ɗaya a shekara: sai ya yi shekara 30 kafin uwar kuɗinsa ta dawo, ban da gyara. Shi a ganinsa hayar ta yi araha. Ɗan haya kuma, idan yana kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024, duk abin da yake samu a shekara 840,000 ne. Idan aka ce masa ya kawo 300,000 a dunƙule, an ɗauke fiye da sulusin abin da zai ci da iyalinsa. Kowannensu gaskiya yake faɗi, kuma tsakanin waɗannan gaskiya biyu dillali ke neman abincinsa.

Yinin dillali

Dillanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Kalmar kanta daga Larabci ta samo asali, daga mai nuni ko mai shiryarwa zuwa ga haja. A zamanin fatauci, baƙon da ya sauka da kaya ba ya sanin gari, sai fatoma ya ba shi masauki, dillali ya nemo masa mai saye, ya kuma tsaya masa a kan bashi. La'adar da ake ba shi ladan sani ce da ladan lamuni. Dillalin gidaje na yau magajin wancan ne, sai dai hajarsa ba ta ɗaukuwa, dole a je a gan ta.

Yininsa na farawa ne da waya tun bayan sallar asuba. Wasu na da ɗan ofis da allo a ƙofa, amma mafi yawa majalisa ce ofishinsu: benci a bakin kasuwa, inuwar bishiya, ko teburin mai shayi. Jarinsa babur ne da katin waya da sanin mutane. Shi ya san magadan da ke shirin raba gida, ya san ma'aikacin da aka yi wa sauyin wurin aiki, ya san mai unguwar da aka kai wa maganar wata gona. Yakan kai mutum gida biyar a yini, mutumin ya ce zai yi shawara, ba a sake jin ɗuriyarsa ba, man da aka ƙona kuma ya tafi. Wannan ne ya haifar da kuɗin gani da wasu ke karɓa kafin su tayar da babur. Yakan yi wata guda bai ƙulla ciniki ko ɗaya ba, sannan a yi sa'a ɗaya da za ta riƙe gidansa wata uku.

Harshensa ma sana'a ne. Ga mai gida zai ce, "Ranka ya daɗe, a sassauta, mutumin kirki ne, ba zai ba ka ciwon kai ba." Ga mai nema kuma, "Malam, ka daure ka ƙara wani abu, Alhaji ya ce albarka." Haka zai yi ta kai-komo har a ji kalmar sallama. Bayan an shiga gida ma aikinsa bai ƙare ba, domin idan rufi ya yi yoyo shi ɗan haya ke kira, idan haya ta makara shi mai gida ke kira. La'adar da aka fi ji a bakin mutane ita ce kashi 10 cikin ɗari a haya da kashi 5 a sayarwa, amma al'ada ce, tana hawa tana sauka gwargwadon ciniki. Sau da yawa kuma ba aljihu ɗaya take shiga ba, domin gida ɗaya kan bi ta hannun dillali uku ko huɗu kafin ya isa ga mai saye, kowa da kasonsa.

Akwai kuma cutar da ake yi masa wadda ba a cika faɗa ba. Mai saye kan bari dillali ya nuna masa gida, sannan ya zagaya da dare ya samu mai gidan su ƙulla, don a cinye la'ada. Tsoron wannan zagaye ne ke sa dillali ɓoye sunan mai gida da hana ɓangarorin biyu haɗuwa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yanzu da WhatsApp, Facebook da TikTok suka shigo, matasa da yawa sun zama dillalai da hoton gidan da ba su taɓa shiga ba, suna tura abin da aka turo masu, kowa na ɗora nasa a kai.

Inda ɓaraka take

Ɓoye mai gida daga mai saye shi ne ƙofar yawancin ɓarna. Ta nan ake ɗori: mai gida ya sallama a miliyan 10, a gaya wa mai saye miliyan 12, a soke biyu, sannan a dawo a karɓi la'ada daga kowane ɓangare. Ta nan ake kawo mai tayin ƙarya, wanda ba saye zai yi ba, don a tsorata mai nema ya yi sauri. Ta nan kuma wasu ke zuga mai gida ya ƙara kuɗin haya ko ya tayar da tsohon ɗan haya, domin sabon shiga ne ke kawo sabuwar la'ada. Wannan na ƙarshe shi ne wurin da dillali ke da hannu kai tsaye a tsadar haya, kuma masu sana'ar na gaskiya sun san da shi.

Sai matsalar takardu. Filaye a bakin gari iri biyu ne: awon gwamnati, da abin da ake kira awon igiya, inda mai gona ke yanka ta da kansa ya sayar da takardar hannu da sa hannun shaidu. Awon igiya ya fi araha, shi ne kuma ya ba talakawa da yawa damar mallakar muhalli. Amma a nan ake sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu, a nan ake cinye hanya da magudanar ruwa, a nan ake sayar wa baƙo kwari da rani, sai damina ta sauka ya gane tafki ya saya. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, ta kuma shardanta amincewarsa kafin a sauya mallakar filin da ke da satifiket. Idan gwamnati ta karɓi fili don amfanin jama'a, diyyar da dokar ta tanada ta ginin da ke kai ce da amfanin gona, ba ta farashin da mutum ya sayi ƙasar a kasuwa ba. Mai sayen fuloti don ajiya ya kamata ya san wannan kafin ya ƙirga kuɗinsa.

Mafi muni ita ce dukiyar gado. Tashin farashi ya sa gidan da iyali suka zauna a ciki shekara hamsin ya zama kuɗi a idon wasu magada. Babban wa ya kira dillali ya sayar kafin a raba, mata da ƙananan yara su ji labari daga baya. Irin wannan ciniki kan ƙare a kotun shari'a, mai saye ya rasa kuɗinsa ko ya shekara yana zarya, zumunci kuma ya lalace.

Abin da malaman fiƙihu suka shimfiɗa

Musulunci bai ƙyamaci dillanci ba. Imamul Bukhari ya ware babi a kan ladan dillali a cikin littafin ijara na Sahihinsa, ya kawo cewa manyan tabi'ai irin su Ibn Sirin, Aɗa'u, Ibrahim da Hasan ba su ga laifinsa ba. Malamai kan ajiye shi a babin ijara ko na jinga, wato lada a kan kammala wani aiki sananne. A babin ne aka kawo izinin Ibn Abbas ga wanda mai kaya ya yanka masa farashi ya kuma bar masa abin da ya haura. Sharaɗin a bayyane yake: mai kayan ne ya ba da wannan izini da bakinsa. Dillalin da aka wakilta ya sayar, ya sayar da tsada ya ɓoye rarar, ya ci dukiyar wanda ya wakilta shi, domin wakili amintacce ne, kuma abin da ya samo na mai dukiya ne.

Tayin ƙarya shi ne najashi, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana. Ɓoye aibi algus ne, kuma shari'a ta ba mai saye zaɓin mayar da abin da ya saya idan tsohon aibi ya bayyana. Sayar da filin da ba a tantance iyakarsa ko mai shi ba ya shiga gararin da aka hana. Shiga cinikin wani bayan an karkata ga sallamawa shi ma hani ya zo a kansa, kuma wannan ya shafi mai saye kamar yadda ya shafi dillali. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunanmu ke bi, abokin tarayya a gida ko filin da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, wato ya fanshi kason da abokinsa ya sayar wa bare a kan farashin da aka sayar. Wanda zai sayi kason wani magaji a gidan da ba a raba ba ya san cewa sauran magada na iya karɓe shi.

Kafin alƙalami ma akwai magana a kansa. Idan an shardanta cewa kuɗin ya zama na mai gida in mai saye ya fasa, Malikiyya da jumhurun malamai sun hana, Hanbaliyya sun halatta, kuma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta amince da shi a 1993 bisa sharaɗin a ƙayyade wa'adin jira. Saɓanin kansa dalili ne na a faɗi matsayin kuɗin tun ranar da aka miƙa shi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Al'ummar da ke karanta ta bai dace ta riƙa ƙulla cinikin miliyoyi da "ai mun yarda da juna" ba.

Mai gida ma yana da nasa kason. Shari'a ba ta yanka masa kuɗin haya ba, amma ta ɗaure shi da wa'adin da aka ƙulla, ta ɗora masa gyaran da zama ba ya yiwuwa sai da shi, ta kuma kwaɗaitar da shi jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci. Ƙin ba bazawara ko mai 'ya'ya da yawa ko ɗan gudun hijira haya, ba don wani laifi da aka sani ba, abu ne da ya kamata masu wa'azi su riƙa taɓawa.

Doka da hukuma

A bisa doka, ƙwararrun masu kimanta gidaje da filaye suna da hukumar rajista ta ƙasa tun 1975, amma dillalin da talaka ke hulɗa da shi ba ya cikin wannan tsari, kuma kowa na iya wayar gari ya kira kansa dillali. Jihar Legas ta yi dokar haya a 2011 wadda ta taƙaita kuɗin da za a karɓa a gaba, daga baya kuma ta kafa hukumar rajistar dillalai. Ko a can aiwatarwa na tangal-tangal, domin inda masu nema suka fi gidaje yawa, ɗan haya da kansa ke taimakawa a karya doka. Darasin shi ne ƙayyade farashi da doka ba ya gina ɗaki, amma rajistar dillalai da ta filaye na rage zamba. Kafa hukumar KATGIS domin adana bayanan filayen Katsina a na'ura mataki ne mai kyau, kuma za a auna amfaninta ne da ranar da mai sayen fuloti ɗaya zai iya bincika sahihancin takarda cikin sauƙi da kuɗi kaɗan.

Ta fuskar samar da gidaje, rukunonin da gwamnatoci suka gina, irin su Barhim, Goruba da Fatima Shema, da gidaje 250 da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da gininsu a 2024, sun taimaka, amma ɗigo ne idan aka kwatanta da buƙata. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa a 1992, yana ba da rance da ruwa kashi 6 cikin ɗari, abin da ke sa Musulmi da yawa ja da baya. Bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, tun daga Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna da tsarin haya mai ƙarewa da mallaka, sai dai sharuɗɗansu sun fi dacewa da mai albashi mai kauri da fili mai satifiket. Ga mafi yawan mutanen Katsina, gida na samuwa ne bulo-bulo, cikin shekaru. Nan ne waƙafi ke da gurbi: attajirin da ya gina ɗakuna goma ya tsayar da su ga marayu da zawarawa da 'yan gudun hijira ya yi sadaka mai gudana, ya kuma rage cunkoso a kasuwar haya.

Abin da ke hannunmu

Farashin siminti da darajar naira ba a Babbar Kasuwa ake yanke su ba. Amma akwai abubuwan da magidanci, ɗalibi da dillali za su iya farawa ba tare da jiran kowa ba. A yanka la'ada tun kafin a hau babur: nawa ce, wa zai biya, kuma dillalin wakilin wa ne. A haɗa mai saye da mai gida ido da ido kafin kuɗi ya fita, a kuma rubuta sunan dillali da haƙƙinsa a cikin takardar ciniki, domin idan ya tabbata ba za a zagaye shi ba, dalilin ɓoye-ɓoye ya kau. A biya ta banki zuwa asusun mai dukiyar. Dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗin da ya haura naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Idan gidan gado ne, a nemi takardar rabo daga kotu ko amincewar dukkan magada a rubuce, har da mata da waliyyan ƙananan yara. Idan fili ne, a je hukuma a bincika, a tambayi mai unguwa da maƙwabta, in da hali a gan shi da damina.

Ɗan haya ya riƙe rasit da yarjejeniya mai wa'adi. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 ta ba mai biyan haraji rangwamen kashi 20 cikin ɗari na kuɗin hayarsa na shekara, har zuwa naira 500,000, kuma wanda ba shi da shaida a rubuce zai sha wuya kafin ya amfana. Ɗaliban da ke haɗa kuɗi su kama ɗaki su tabbata sunan kowannensu na cikin takarda, kada kuma su tura kuɗi a kan hoto.

Su kuma dattawan sana'ar, waɗanda suka shekara talatin ba a taɓa kai su gaban alƙali ba, su ne suka fi kowa asara idan sunan dillali ya zama zagi. Ƙungiyoyinsu na iya ba mambobi katin shaida, su ajiye littafin ciniki, su hukunta mai ɗori da mai tayin ƙarya kafin magana ta kai ga 'yan sanda. Limaman unguwanni da malaman islamiyya kuma su ba babin ciniki da haya lokacin da ya dace da shi a karatu, domin jama'a da yawa sun san hukuncin alwala dalla-dalla amma ba su taɓa jin sunan najashi ko shuf'a ba. Katsina za ta ci gaba da faɗaɗa, kuma baƙon da ya shigo daga Safana ko ɗalibar da ta zo daga Funtuwa za su ci gaba da buƙatar wanda ya san gari. Allah Ya ba mu masu riƙon amana, Ya sa mu ma mu riƙe tasu, Ya kuma mayar da waɗanda aka raba da gidajensu cikin aminci.